Saƙon da Mushe Ɗalha Bai Buɗe Ba

Ni na jawo, gara in faɗa da bakina tun da fari. Sunana Hamida, ina gabatar da shirin mata da na gaishe-gaishe a wani ɗan gidan rediyon karkara a Magarya, wanda muryarsa ke kaiwa Bande da Yekuwa, in an yi sa'a har Mallawa. Mu uku ne muke riƙe da safiya: ni, da Nafi'u mai kula da na'urori, da Mushe Ɗalha mai karanta labarai.

Mushe Ɗalha tsohon malamin lekwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, shekara talatin yana riƙe da alli. Rabin ma'aikatan garin nan ta hannunsa suka bi, har da ni, kuma ban manta zafin hannun ba. In ya ce a rediyo gobe kasuwa kaza ba za ta ci ba, to ba mai ɗaura wa sa amalanke. Labaransa kuwa wuri guda yake ɗibo su, wata manhaja ce a ordinatar buro, wato kwamfutar ofis, ta wani ƙaton kamfanin ƙasar waje, wadda ke tattaro duk sabon abin da jaridu da shafuka suka rubuta ta jera masa. Da kansa ya zaɓi shafukan, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. Rumbu yake ce mata, mu ma duka sai muka ɗauka.

A Rumbu, gefen kowane shafi akwai lamba mai nuna saƙo nawa ne ba a buɗe ba. Mushe ba ya tashi daga kujera sai ya ga kowace lamba ta ɓace. Guda ɗaya tak yake bari.

Shafin Zakari ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, malamin gona a Mallawa. Zakari ya kan rubuta ranar da ruwan farko ya sauka a kowane ƙauye, da irin geron da ya yi kyau, da inda tsutsa ta faɗa wa wake. Shekara uku ke nan da ya rasu, moto, wato babur, ya kayar da shi a hanyar wani ƙauye. Shafin nasa da ba mai kula da shi aka share shi daga baya, bai rage ko'ina ba sai abin da Rumbu ya riga ya kwaso ya ajiye. Duk tsofaffin rubuce-rubucen Mushe ya karance su, an ma buga masa su a takarda. Na ƙarshen ne, wanda Zakari ya aika da safiyar ranar da ya rasu, Mushe bai taɓa buɗewa ba. Kan maganar kawai ake gani: "Ruwan farko a Mallawa, da wata magana ga Yayana." Gefensa lamba ɗaya.

Na taɓa tambayarsa dalili, lokacin muna ɗasawa. Ya ce, "Ɗiyata, muddin ban buɗe ba, Zakari bai gama yi mini magana ba." Daga nan ban sake tambaya ba.

To, kamfanin nan yana da wata ɗabi'a. Duk ranar ɗaya ga watan huɗu sai ya shirya ƙarya ya fitar da ita da tambarinsa, abin nan da 'yan lekwal ke kira puwason dabril. Bara, ƙaryar da suka shirya ita ce wai sun ɗaura wa shamuwa wasu 'yan na'urori a ƙafa, duk ƙauyen da shamuwa ta sauka ta yi sheƙa, rezon waya ya zo ke nan. Har da hoto, har da bayanin wani mai farar riga. Ni da Nafi'u muka yi dariya har da riƙe ciki, sai Shaiɗan ya raɗa mini wani abu. Na buga labarin a takarda, na sa almakashi na datse layin ƙasa inda suka ce wasa ne, na sa shi a tsakiyar takardun Mushe ana saura minti biyar ya shiga. Na ɗauka zai karanta layi biyu ya gane, ya harare ni ta gilashi, shi ke nan.

Bai gane ba. Ya karanta shi daga farko har ƙarshe da muryar nan tasa ta sanarwar gwamnati, ya ƙara da cewa dama kakanninmu sun san shamuwa tsuntsuwar alheri ce. Da shamuwa ta iso a ƙarshen watan, mutanen Yekuwa suka riƙa tsayawa gindin tsamiya suna ɗaga waya sama. Wani tsoho a Bande ya hana a sare reshen da ya tokare masa rufin ɗaki, wai kada a kori rezo. Da gaskiya ta fito, sunan Mushe Shamuwa ya bi shi har masallaci.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauko takardar, ya ɗora ta a kan wata takarda, ya ga ta gaza da faɗin yatsa biyu. Ya dube ni, ya dubi Nafi'u, ya ninke ta ya sa a aljihu. Daga ranar na tashi daga "ɗiyata" na koma "Madam". Ya canza lambar sirrin Rumbu, in zai buga ta sai ya cire hula ya kife a kan hannunsa. In zai tafi gida ya kan rufe ordinatar da ƙyalle ya ɗora ƙwayar gero guda a kai, da safe ya duba ko ta motsa. Ko barka da asuba ka ce masa sai ya leƙa taga tukuna.

Haka muka yi shekara guda. Ranar ɗaya ga watan huɗu ta sake zagayowa, ya buɗe Rumbu da safe, sai ga wani rubutu a sama cikin jan layi: kamfani na sanar da cewa zai rufe wannan manhaja ranar ɗaya ga watan bakwai, kowa ya kwashe abin da yake so kafin ranar, bayan nan komai zai goge.

Mushe ya karanta, ya kalli kalanda, ya yi wani ɗan murmushi da na daɗe ban gani ba. "Bana ba su yi ƙoƙari ba," ya ce. "Ta bara ta fi daɗi."

Ni ma a ranar haka na ɗauka. Amma washegari jan layin na nan, bayan mako guda yana nan. Nafi'u ya bincika ya zo mini fuskarsa ba daɗi, ya ce gaskiya ce, tun daren talatin da ɗaya ga wata suka fitar da sanarwar a can ƙasarsu, mu ne muka gan ta da safe. Wane irin kamfani ne zai zaɓi wannan rana? Irin wanda bai taɓa tunanin akwai wani Mushe Ɗalha a duniya ba.

"Sunayen jaridun ana iya kwashe su a kai wata manhaja," in ji Nafi'u. "Amma shafin Zakari ya mutu, ba inda za a sake ɗauko shi. Sai dai a buɗe saƙon a kwafe shi da hannu."

Na ɗauki wayata na je na sami Mushe, na nuna masa yadda duniya ta ɗauka. Mutane na ta kuka, wasu na zagin kamfanin, wasu sun buɗe takardar roƙo dubban mutane na sa hannu, wani ɗan jarida ma ya rubuta wa manhajar ta'aziyya kamar mutum. Mushe bai karɓi wayar ba, daga nesa ya leƙa, hannunsa a baya.

"Madam, bara ma na ga mutane sun rubuta suna gode wa shamuwa."

"Mushe, wancan wasa suke yi. Wannan wallahi da gaske ne."

"Wancan ma ba ki ce mini wasa ba ne."

"To a ce ƙarya ce. Me za ka rasa in ka kwafe abinka ka ajiye?"

Nan ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da yake wa ɗalibin da ya kwafi amsa. "Yauwa, mun zo wurin. Me zan kwafe? Jaridu na san sunansu a ka. Na Zakari duk ina da su a takarda, saura guda. Kuma ba a kwafe shi sai an buɗe, ko ba haka ba? Wato duk wannan jan layin, da wannan kukan na waya, don in buɗe shi ne ku ga fuskata. Nafi'u ya iya sa rubutu a ordinata, na sani. Ke kuma kin iya almakashi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na so in ce masa wa ya damu da fuskarka har zai haɗa baki da Turawan da ba su san Magarya a taswira ba. Amma da wane baki? Na haɗiye na fita.

Watan biyar ya shiga, shamuwa ta dawo, yara suka dawo da tsokanarsu. Mushe ya ƙara tsuke fuska. Wata safiya a tsakiyar labarai, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya ce wa masu sauraro ana ta yaɗa cewa za a rufe rumbun da yake ɗibo musu labarai, kada kowa ya kula, irin wasan nan ne na bara, kuma wannan karon ba a same shi ba. Yana faɗa yana kallona ta gilashi. Yanzu kuma ya sa sunansa a kai a gaban Bande da Yekuwa, ja da baya ya ƙara wuya.

Ranar da nake hutu na hau moton haya na tafi Mallawa wurin Balkisu, matar marigayi Zakari. Na same ta tana gyaran irin gyaɗa a tsakar gida. Na yi mata bayani dalla-dalla, ta saurara ba ta daina ɓare gyaɗar ba.

"Na san da saƙon," ta ce. "Ina kallonsa ya rubuta shi, a bakin ƙofar can, ruwa ya ɗauke ke nan. Yana rubutu yana dariya shi kaɗai. Na ce mene ne, ya ce tsakanina da Yaya ne, in ya karanta zai kira ki ji. Ya hau moto ya tafi." Ta share hannu a zane. "Shekara uku ina jiran Yaya ya kira. Ban taɓa matsa masa ba, na ce abinsa ne. Amma in zai ɓace, ki gaya masa ni ma ina so in san me ya ba mijina dariya ranar."

Na dawo da wannan saƙo ina ganin na samo makami. Mushe ya saurare ni har na gama, sannan ya tashi tsaye a hankali.

"Har gidan ƙanena kika je?"

"Mushe, ka kira ta ka ji da kunnenka."

"In kira ta in ji abin da kika karanta mata? Baiwar Allah tana zaman zamanta kin je kin tayar mata da mikin da ya fara warkewa. Madam, wasa na da iyaka." Ya kwashi takardunsa ya shiga ɗakin watsa shiri, ya karanta labaran ranar ba tuntuɓe ko ɗaya. Balkisu ta kira shi da kanta bayan kwana biyu, ya ba ta haƙuri, ya ce yaran buro ne ba su da ta ido, kada ta sa a ranta.

Ana saura kwana tara, dama ta zo har inda nake zaune. Wani baƙo ya yi sallama da Mushe a ƙofar gida, Idrisa ne, tsohon abokin aikinsa daga Dungas, murna ta sa ya fita da sauri bai rufe Rumbu ba. Karo na farko ke nan cikin wata goma sha biyar. Ga shafin Zakari, ga kan maganar, ga lamba ɗaya.

Nafi'u ya leƙa taga ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa. "Sun zauna a benci, za su daɗe. Buɗe ki ɗauki hoto da waya. Akwai inda ake dannawa ya koma kamar ba a taɓa ba, lambar ta dawo. Ba zai taɓa sani ba."

Na zauna a kujerar Mushe, da sauran ɗuminsa a jikinta. Na ɗora hannu a kan ɓeran ordinatar, na kai kibiyar daidai kan rubutun. Dannawa ɗaya ce. Amma sai na tuna almakashin nan, shi ma yanka ɗaya ne, shi ma na ce ba komai. Wata goma sha biyar mutumin nan yana zargina da leƙa masa asiri, ni kuma abin da kawai nake riƙe da shi a gabansa shi ne ban taɓa yi ba. In na danna, duk abin da ya ɗauke ni ya tabbata, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma saƙon ɗan'uwa ne ga ɗan'uwansa, wace ce ni da zan riga shi ji? Na ce wa kaina saura kwana tara, zan shawo kansa ta hanyar gaskiya. Na ɗauke hannuna na tashi.

"Ke dai kin cika taurin kai," in ji Nafi'u. Ya matso zai zauna, na tare kujerar na ce in ya taɓa sai na faɗa. Muna cikin haka Mushe ya shigo. Ya ga ordinatar a buɗe, ya gan mu tsaye a kanta cirko-cirko. Ya zo ya duba lambar, tana nan. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalle ni, kuma na ga sarai bai yarda ba.

Kwana taran nan na yi roƙo har na gaji da jin muryata. Na rantse, na kawo masa jaridar da shi kansa ya amince da ita, ya ce jaridu ma sun buga labarin shamuwa. Ranar talatin ga wata da zai tafi gida na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Baba, don girman Allah." Ban taɓa ce masa Baba ba. Ya ɗan tsaya, hannunsa a kan ƙyallen da yake rufe ordinata, har na ɗauka zai zauna. Sai ya ɗora ƙwayar geronsa ya ce, "Gobe za ku ce mini puwason dabril, in ce muku na sani."

Da asubar ɗaya ga watan bakwai aka yi ruwa mai kyau, gari ya yi sanyi, amalanke sai wucewa suke zuwa gona. Mushe ya iso da laima a hammata. Ya duba geronsa, ya cire hula ya kife a hannu, ya buga lambar sirri. Farin shafi ya fito da layi uku: an rufe wannan manhaja, kamfani na godiya ga duk waɗanda suka yi amfani da ita.

Ya sake bugawa. Ya kashe ordinatar ya kunna. Ya ce wa Nafi'u, "To ya isa haka, kun ci. Maido shi." Nafi'u ya sunkuyar da kai. Mushe ya fita ba laima, daga baya muka ji cewa wurin wani tsohon ɗalibinsa mai shagon ordinata ya je, can bakin tasha, inda hannunmu bai kai ba, ya gwada a can. Ni na karanta labaran ranar, ban san me na karanta ba.

Wajen ƙarfe goma ya dawo, ƙafar wandonsa duk laka. Ya zauna a kujerarsa, ya ce Nafi'u ya ba mu wuri. Ya ciro takardar nan ta shamuwa daga aljihu, ta yi laushi don ninki, ya ajiye a tebur kamar mai biyan fansa.

"Ranar da Idrisa ya zo daga Dungas," ya ce, "na bar shi a buɗe. Na same ki a kansa."

"Haka ne, Mushe."

"An ce akwai inda ake dannawa lambar ta dawo." Ya ɗago ido, ban taɓa ganin roƙo a fuskar mutumin nan ba sai ranar. "Ba zan yi fushi ba, wallahi ba zan yi ba. Ko ba ki ɗauki hoto ba, ko layi ɗaya kika riƙe. Kin buɗe, ko?"

Na san kan maganar, na san yadda Zakari ke rubutu, na san yana dariya lokacin da ya rubuta. Da na so, a take zan shirya masa layi uku masu daɗi, ya kira Balkisu ya karanta mata, su biyu su samu abin riƙewa. Kuma da ya yarda, don ƙaryata ce kaɗai ya taɓa yarda da ita.

"Ban buɗe ba, Mushe."

Ya tsura mini ido yana neman alamar almakashi, ya nema ya nema. Na ga lokacin da ya daina nema. Wata goma sha biyar ina so mutumin nan ya yarda da maganata, ranar ya yarda, kuma da na san haka abin yake da ban so ba.

"Na sani, ɗiyata," ya ce. "Ba ki buɗe ba."

Ya ɗauki ƙwayar geron daga tebur ya jujjuya ta a tafin hannu, ya jefa ta taga. Sannan ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya miƙo mini, ya ce in nemo masa lambar Balkisu.